Mota Mai Goyo

Ranar wata Alhamis ce, cikin kakar shekarar da na shiga aji biyar, ana tsakiyar yankan dawa. Iya ta ɗora mini ƙwaryar gero ta ce in kai niƙa bakin titi, don injin garinmu ya mutu. Da wani yaron ne da ya yi ƙunƙuni, ni kuwa abin nema ya samu, domin ko aiken banza aka yi mini zuwa titin Gwarzo da gudu nake tafiya. Ina tsugune a ƙofar mai inji ina jiran layi, sai na ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na ɗaga kai. Wata doguwar tirela ce ta taho daga wajen Rimin Gado, babu buhu a bayanta, babu shanu, babu itace. Motoci ta ɗauko! Ƙananan motoci sababbi fil, wasu a ƙasa, wasu a bene a kansu, kowace an ɗaure mata taya da sarƙa. Mota tana goyon motoci, jama'a! Kafin in ce wa mai inji ya leƙo har ta yi nisa, shi kuma yana can cikin rumfa ya yi fari fat da gari, ko sallama ba ya ji saboda ƙarar inji. Ban san yadda na iso gida ba. Na dire ƙwarya a tsakar gida, Iya tana kirana ina ji, na zarce zauren su abokina Tasi'u ina haki.

A wancan lokacin duk yaron unguwarmu direba ne. Da zarar an yanke dawa an jingine kara a bayan gida, sai mu bi mu zaɓi masu kauri, mu ɓare ɓawon, mu fitar da totuwa mai laushi. Da ita ake gina jikin mota, a soke da tsinken ɓawon kara ko ƙayar aduwa. Taya kuwa daga sakaina ake fafe ta, ko tsohon silifa, abin da ya sa iyayenmu mata ba sa barin takalmi a ƙofar ɗaki. Murfin kwalba shi ne fitila, dogon kara shi ne sitiyari. Kowace Alhamis da yamma, da yake babu makarantar allo, sai kowa ya turo tasa zuwa gindin tsamiyar da muke kira tasha. A jera su, a duba wadda tayarta ke juyawa sosai, a loda musu yashi a ga wadda za ta ɗauka, a sake su a gangaren kududdufi a ga wadda za ta kai ƙasa ba ta kife ba. Sarkin tasha shi ne Ɗan'asabe, wanda ya girme mu kuma ya fi mu baki. Shi ya kafa dokar da ta ce ba a shigar da mota tasha sai wadda akwai irinta a duniya, kuma sai mutum biyu sun shaida sun gan ta. Wai a wajen kakansa ya ji haka alƙali yake yi.

Duk cikinmu babu mai hannun Tasi'u. Shan-inna ta taɓa masa ƙafafu tun yana goye, da hannu yake tafiya, kuma duniyarsa ba ta wuce zauren mahaifinsa, masallaci da gindin tsamiya ba. Motar da ya taɓa gani da idonsa ba ta wuce akori-kurar da ke shigowa ɗaukar gyaɗa ba. Ni kuma hannuna ba ya ƙera komai, don ba na iya zama. Iya takan ce, "Kai dai Habu kamar ka ci ƙafar kare." Sai muka haɗa jari: ni ido, shi hannu. In je titi in gano, in dawo in ba shi labari, shi kuma ya yi ta yi mini tambayoyi har in gaji. Mutum nawa ne tsawonta in sun kwanta a jere? Tsayinta ya kai katangar masallaci? Tayar baya ɗaya ce ko tagwaye? A lissafinsa kowane mutum ɗan yatsa guda ne, shi ya sa motocinsa suka bambanta da na kowa. Ƙaramar motarsa ƙarama ce a gaban kiya-kiyarsa, kiya-kiya kuma yarinya ce a gaban roka, babbar motar kaya. Ba ya ƙera iri ɗaya sau biyu, kuma ba ya yar da ko ɗaya. Yana da tifa mai ɗaga baya, da tankar mai ta gwangwanin madara har da ɗan tsaninta a baya, da gingimari mai katako. Duk suna jere a kan wani allo a lungun zaure, ya zagaye su da toka saboda gara.

Da na gama zuba masa labarin tirelar, ya daɗe yana kallona. Sai ya miƙa hannu ya ɗauko reza. Ban taɓa ganin ya ba wata mota lokaci kamar wannan ba. Ya warware benen ya sake ɗaurawa ya fi a ƙirga, don sai ƙananan motocinsa sun hau sun zauna daram. Ya roƙi zaren ɗinkin hula wajen yayarsa ya yi sarƙa. Ni kuwa na hana shi sakat, ina zagaya shi kamar kaza mai neman wurin ƙwai, ina cewa ya yi sauri, har sai da ya ce in ban zauna ba zai fasa. Ranar da muka fito da ita, ni na tura ta, shi yana biye. Na ga idon yara, wallahi kowa ya san bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba.

Ɗan'asabe ya zagaya ta, ya taɓa benen da yatsan ƙafa. Ya ce, "Wa ya gani?" Na ce ni. Ya ce, "Kai da wa?" Na ce ni kaɗai. Sai ya juya wajen yara ya ce, "Gobe kuma sai su kawo mana jirgin sama yana ba 'ya'yansa nono." Aka fashe da dariya, har da masu birgima a ƙasa. Aka hana ta shiga layi. Tun daga ranar sunana ya koma Mai Goyo, ko rijiya na je sai na ji wani ya ce a ba ni zani. Wannan bai dame ni ba sosai, na saba da tsokana. Abin da ya dame ni fuskar Tasi'u ce. Yaron da ba a taɓa yi wa dariya a tasha ba, wurin nan kaɗai ne yake gaba da kowa, ga shi ta dalilina an mai da shi abin wasa.

Da muka koma zaure ya ce, "Habu, tsakaninka da Allah, ka gan ta?" Na rantse. Ya kalli allon motocinsa ya ce, "To sauran fa? Tsanin tankar nan, ka gani ko ƙarawa ka yi?" Maganar nan ta soke ni fiye da dariyar su Ɗan'asabe. Ashe shakka ɗaya ta isa ta ɓata dukan abin da muka tara. Ya jawo tsohuwar tabarma ya rufe motocin gaba ɗaya, ya ce shi da reza sai ranar da ya gani da idonsa, ai gani ya kori ji. Ya san ba zai iya zuwa ba, ni ma na sani, wato ya sallame ni ke nan.

Makonnin da suka biyo baya ban san kwanciyar hankali ba. A aike ni ciyawar akuya, in ɓulla a titi. A ce in tsare shanyar barkono, in bar wa ƙanwata in arce. Na ja yara ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin kwalta don in sami shaida, mu zauna har yunwa ta kore su, su tafi suna zagina. Na sha dukan Baba a kan wannan yawo, kuma ban fasa ba. Tirela dai ko ƙyallinta. Har na fara tambayar kaina ko mafarki na yi. In na wuce zauren in yi sallama, Tasi'u ya amsa, ya ci gaba da wanke allonsa. Kai, babu abin da ya kai aboki ya amsa maka sallama da ladabi ciwo.

Wata safiya na ga Kawu Iliya yana ɗaura wa jakinsa akumari, sai dabara ta faɗo mini. Na roƙe shi aron jakin. Ya ce ya ba ni, amma in haɗa da niƙan gidansa, don jakinsa ba ya zuwa yawon banza. Mahaifiyar Tasi'u ta so ta hana, Malam mahaifinsa ya ce a bar shi ya je, mu dai dawo kafin magariba. Ni da yayarsa muka ɗaga shi muka ɗora, buhun niƙa a gabansa ya rungume. Muka bi ta cikin gonakin da aka girbe, muka tsallake rafi, ina gaba ina jan igiya, ina jin kamar in ɗauki jakin da mahayinsa a ka in ruga. Addu'a ɗaya nake yi: Allah Ka kawo ta yau, ko da ba za ta sake zuwa ba har abada.

Na sauke shi a inuwar rumfar mai inji. Bai gama gyara zama ba sai ga tankar mai ta taho a guje. Iskarta ta buge mu, ƙararta ta cika kunne, Tasi'u ya damƙe hannuna har farcensa ya shiga. Da ta ba mu baya sai ya ƙwala ihu: "Tsanin! Habu, ga tsanin!" Yana nan kuwa, ɗan siriri, daidai inda ya ɗaura nasa. Daga nan bakinsa bai sake rufuwa ba. Tifa ta wuce, ya ce ga tasa. Roka ta wuce da tagwayen tayoyinta, ya ce ga tasa. Kiya-kiya, gingimari, duk nasa ne, kamar makiyayi yana gane shanunsa a garken wani. Mutanen da ke jiran niƙa suna ta dariya, ɗaya har ya ce ashe yau da attajiri suke zaune.

Ni ban yi dariya ba. Idona yana gabas, in tashi, in zauna, in hau kan tudu in leƙa, in dawo. Azahar ta yi, la'asar ta yi, inuwa ta miƙe. Ba ta zo ba. Da na je kwance jaki sai hawaye ya kufce mini. Tasi'u ya ce, "Bar ta, ta zo ko kada ta zo. Wanda bai yi mini ƙaryar tsani ba, ba zai yi mini ƙaryar mota sukutum ba." Daɗi ya kama ni. Sai dai da na dube shi, ba ni yake kallo ba. Gefen rumfar akwai wani mai walda yana haɗa ƙarfen amalanke, wuta tana tartsatsi. Tasi'u ya tambaye ni a hankali, "Ashe ƙarfe ma ana ɗinke shi?" A hanyar komawa sai waiwaye yake ta yi.

Na ɗauka washegari za mu koma yadda muke. Ina! Ya yaye tabarmar, ya ce in kwashe motocin duka, ya ba ni. Na ce me ya yi zafi? Ya ce, "Kara ba ya gudu, Habu." Na ci gaba da kawo masa labarin titi, yana saurara, amma tambayoyin nan da suke gajiyar da ni sun ƙare, sai dai ya ce ai ya gani. Rashin zaman da ake yi mini faɗa a kai ya koma kansa. Ya hana Malam sakat, safe da yamma maganarsa ɗaya, har aka gaji aka kai shi wajen wani ɗan'uwansu a Rijiyar Zaki ya koyi walda. Ɗan'asabe bai taɓa barin mai goyo ta shiga tasha ba. Ni kuma ban iya kula da toka ba, damina ɗaya gara ta gama da motocin.

Yau Tasi'u yana da rumfarsa da yaransa, yana ƙera kekunan hannu ga masu lalura irin tasa, kuma ya zaga garuruwan da ni sai dai in ji sunansu. Ni ne na zauna. Ina koyarwa a firamaren da na yi, ina noma gonar Baba. Motoci yanzu har ƙofar gida suke zuwa, yaranmu kuma na roba ake sayo musu a kasuwa, duk girmansu ɗaya, tirela da tasi ba bambanci, su karya yau a sayo wata gobe. Kara yana jingine a bayan gida ba mai taɓa shi sai mai hura wuta. In na shiga birni nakan biya wajensa, ya tare ni da murna, ya sa a kawo mini shayi, amma rabin hankalinsa yana kan ƙarfe, kuma babu abin da zan faɗa masa wanda bai riga ni gani ba. Ina yi masa farin ciki, Allah Ya sani, kuma da za a maimaita da na sake aron jakin. Amma ina kewar zauren nan, da yaron da yake jiran in dawo. Ranar da ya yarda da idona, ranar ya daina buƙatarsa.