Battar Kaka da Na Bari a Tambuwal

Asabar, Tambuwal zuwa Kebbe

Ƙarfe biyar da kwata na asuba na fita daga gidanmu a Tambuwal, damina ta biyu bayan samun mulkin kai. Baba ne ya aike ni Kebbe wurin ƙanensa, Baffa Ummaru mai tabar shaƙa. Shekara tara ba sa ga maciji a kan gonar gado, ga ciwo ya kwantar da Baba. Ya ba ni battar kakanmu ta fata, wadda maiƙon hannu ya mayar baƙa ƙirin, ya ce, "Ka ba shi ga hannu, ka ce shi cika ta." Abin da ban sani ba, ranar da suka rabu Baffa ya ce duk ran da battar nan ta zo masa, magana ta mutu.

Ni kuwa sabon malamin makaranta ne, da farin kaftani da agogo, ina jin kaina. Ina ni ina yawo da wannan ƙazanta? Na jefa ta akwati na bar ta a ɗaki, na ɗauki gwangwanin alewa na kanti mai sheƙi. A ganina gata na yi wa tsoho.

Motar 'yan kasuwa ta tashi shida da rabi, sule biyu gidan gaba, sule ɗaya bisa buhuna. A mil bakwai 'yan doka suka tsayar da mu duba takardar haraji. A mil goma sha biyu muka kafe cikin laka. Direba ya harare ni ya ce, "Malam, boko ba shi tura mota? Sauka!" Awa uku muna turi, ƙosan kwabo biyu kaɗai ke cikina. Muka shiga Kebbe ƙarfe biyu da minti goma, kaftanina ya zama abin tausayi.

Kebbe

Na sami Baffa a zaure yana tankaɗe garin taba. Kamarsu ɗaya da Baba, har tarin. Da muka gaisa ya ce, "Yayana ya aiko ka? Ina saƙon?" Ya tara hannu biyu. Na miƙa gwangwani. Ya juya shi, ya sake juyawa.

"Wanga yab ba ka?"

Na ce, "E, Baffa." Kunya ce ta yi ƙaryar, amma da bakina.

Ya ajiye gwangwanin gefe. Bayan tuwon dawa da miyar kuka ya buɗe tasa battar ya miƙo mini, ya ce wannan ba ta sayarwa ba ce, ta 'yan gida ce. Furen lalle yake shanyawa a inuwa, ya rufe shi da garin taba cikin tulu kwana arba'in. Na ɗiba da yatsu biyu na shaƙa. Ƙamshi ne ya fara zuwa, irin na tsakar gida bayan yayyafi, sai wuta ta haye mini har ƙwaƙwalwa. Atishawa uku, hawaye shar. Daga nan sanyi ya sauka a maƙogwaro, furen ya zauna a hanci ya ƙi tafiya. Ni da nake yi wa 'yan aji wa'azin illar taba, sai ga ni na nemi ƙari. A zauren na kwana.

Lahadi, komawa

Da hantsi Baffa ya cika gwangwanin daga buhun da yake kaiwa kasuwa, ya ce, "Taro na." Na biya ina cewa a raina, tsoho da son kuɗi. Motar shinkafa ta ɗauke ni ƙarfe goma sha ɗaya, ba mu kafe ba, biyar saura kwata ina gida.

Baba ya buɗe, ya shinshina sau ɗaya, ya rufe. "Wagga ta kasuwa ta. Mi kak kai mai?" Na tashi na ɗauko battar daga akwati na ajiye gabansa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai ya gaya mini maganar da Baffa ya yi shekara tara da suka wuce, sannan ya kamo hannuna na dama ya kai yatsun ga hancinsa, ya daɗe. Ya ce, "Har yanzu da furen lalle shika yi."

Na ce zan koma Asabar, don Litinin akwai makaranta. Makaranta! Alhamis da azahar Baba ya rasu.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da direban da ya sa ni turi, da Inna Hajo matar Baffa da ta wanke mini kaftani. Takaicin kuwa nawa ne, ba na raba shi da kowa. Ranar sadakar uku Baffa ya iso a kan jaki. Na durƙusa na sa masa battar a hannu, yadda aka ce in yi tun farko, na faɗi gaskiya. Ya shafa ta, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, yanzu wa za ni cika ma?"