Gaisuwa Kafin Kifi

Rubuta alluna ce sana'ata a Birnin Kebbi tun ina saurayi: allon shago, bayan babbar mota, katangar makaranta. Doka ɗaya na sani, mai shago ya biya allo duka, don haka ba a barin fili fari ko na tafin hannu.

Da ƙanwata mai bandar kifi a Argungu ta so masu saye daga nesa, sai ɗiyarta ta zauna tsara mata shafin intanet, tunda abin da ta karanta ke nan. Aka kira ni in duba, ni masani. Na tarar da farin shafi, hoton kifi ɗaya, baƙin rubutu manya-manya, lambar waya a sama.

Na ce, "Shafi ne wanga ko likkafani? Ina gaisuwa? Baƙo ya shigo gidanki ki tare shi da lamba?"

"Kawu, a waya za a karanta. Ido na son wurin hutawa."

"Ya huta in ya yi barci."

Uwarta ta ce a bi babba. Na sa aka fara da sallama, sai addu'a ga iyayenmu, sai gaisuwa ga masuntan Gulma da surukanmu na Gesse, kada wani ya ga an raina shi. Jan rubutu a kan kore, haruffa masu wutsiya irin na bayan mota. Da fili ya ƙare na yi abin da na saba in na iso gefen allo, na ce a matse. Lambar waya ta koma can ƙasa, 'yar ƙarama kamar ƙwan kifi.

Surukanmu kam sun yaba ƙwarai. Ba wanda ya sayi ko kan tarwaɗa.

Ƙanwata kuwa ta riga ta yi bandar kifi kwando-kwando saboda shafin. Kifi na jiran masu saye, masu saye na can suna amsa gaisuwa. Ƙwari ne suka fara isowa, su ba sa neman lamba. Abin da suka rage masu kiwon kaji aka kai wa.

Na hau mota har Argungu na ce wa yarinyar ta mayar da likkafaninta, ta bar sallama kaɗai. Kafin kasuwa ta zagayo wayar uwarta ta fara ƙara.

Ƙanwata ba ta taɓa tayar da maganar ba. Sai dai duk zuwana, takan zaunar da ni ta gaishe ni, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har surukan Gesse, tuwo na gefe yana hucewa. In ta buɗe miyar, ba kifi a ciki.