Inna Ba Ta Kallon Ɗan Fari

Na ɗauki hoton rabin mutanen Dakoro, amma hoton Inna na kirki ko ɗaya ba ni da shi. Ni ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi. Tun ina yaro "wancan" nake a bakinta. In ta zuba mini tuwo sai ta turo kwanon tana kallon bango, ko da yake tsokar da ta fi girma kullum a ƙasan nawa take ɓoye.

Da na girma na buɗe shagon hoto kusa da tasha, a lokacin da kamara mai nuna hoto nan take a bayanta ta fara shigo mana. Ranar kasuwa makiyayan Tagriss da manoman Bader Goula sukan cika mini shago. Duk wanda na ce ya tsaya cak, sai ya tsaya, har numfashi wasu ke riƙewa. Raƙumi ma na taɓa sa shi ya tsaya. Inna ce kaɗai ta gagare ni.

A tsakar gida, inda haske yake, da ta hango ni da kamara sai ta juya baya ta kama wani aiki. Hotunan bayanta kam ina da su birjik. Sai a ɗakinta nake samunta kusa, in na shiga gaisuwa tana bakin gado tana tsince wake. To ɗakin ba haske sosai, ita kuwa kamara in haske ya yi mata kaɗan sai ta bar idonta a buɗe ya ɗan jima yana tarawa. Duk abin da ya motsa a wannan tsakanin sai ya shafe, kamar an goga hannu a kan ɗanyen lalle. Ina latsawa, tana kau da kai. Gado ya fito, kwanonin jere su fito har da furanninsu, wajen fuskarta kuwa sai wani shafe mai ruwan ƙasa. Da na gwada kunna wutar kamara, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta aiko mini ƙanwata, autarmu, cewa in na sake haska ta kamar ɓarauniya kada in ƙara shigo mata da wannan abin.

Haushi ya kama ni, na ce to ta je wajen wani mai hoton. Auta ta kai saƙo ta dawo tana dariya. Wai Inna ta ce ɗanta na da shago, ba za ta kai fuskarta shagon ɗan wata ba. Ban taɓa samun yabo irin wannan daga gare ta ba, kuma shi ne ya rufe mini ƙofa ta ƙarshe. Hoton katinta na ɗan ƙasa tun na ƙuruciya ne, ya koɗe har ba a gane namiji ne ko mace.

Na riƙa cewa akwai gobe. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta tashi ba.

Bara taubashina, ɗan ƙanen Inna da ke sayar da wayar salula a Maraɗi, ya zo mana kwana biyu. Bai ko gama shan ruwa ba ya fara tsiyarsa, wai ya zo ya rufe mini shago. Ya ciro wata salula mai idanun kamara biyu a baya ya ce idanun ba iri ɗaya ba ne. Ɗaya mai haƙuri ne, yana tara haske da launi a hankali kamar tsohuwar kamarata. Ɗayan kuwa ba ruwansa da launi, sauri kawai ya iya, duk inda abu ya gusa yana biye da shi. Daga nan sai na'urar ta haɗa abin da suka gani, mai sauri ya gaya wa mai haƙuri inda kowane abu ya bi, shafen ya ɓace. Na ce masa ƙaryar 'yan Maraɗi ta fi ƙarfin kunnena.

Gani ya kori ji. Auta tana cikin rumfa tana bakace gero, ga inuwa, ga hannu ba ya tsayawa. Ya kira ta, ta ɗago tana juyowa, ya latsa. Gero ya fito a iska ƙwaya-ƙwaya, fuskarta tar, har da ɗan gumin da ke kan hancinta. Daidai irin juyin kan Inna ne.

Na shiga ɗaki na ɗauko tsofaffin hotunan na zube masa a tabarma, na tambaye shi ko abin nasa zai iya gyara ko da guda. Ya daɗe yana juya su.

"Wanga ido na biyu sai in yana nan sa'adda abin ya faru," in ji shi. "Abin da bai gani ba, ba shi da ta cewa."

Ya ce akwai dabarar da za ta cike wurin da fuska mai kyau, amma fuskar wata ce za ta ƙirƙiro. Na ce ya bar ta. Ihu bayan hari ke nan. Abin da ya fi ci mini rai, 'ya'yana kan tambaye ni kamannin kakarsu, ni kuwa gefen kumatu da kunne kawai na sani.

Auta ta ajiye faifai ta zo ta durƙusa tana duba hotunan. Ta ɗauki ɗaya, ta shafa wurin shafen da yatsa.

"Yaya, ai da ni ka ba kamarar," ta ce a hankali. "Ni tana dubana. Har dariya take mani."

Duk shekarun nan kamara tana rataye a wuyana, auta tana jingine da kafaɗar Inna tana cin waken da ake tsincewa, kuma daga ni har ita ba wanda wannan tunani ya taɓa zo masa. Mai hoto shi ke ɗaukar hoto, haka muka sani.

Na ce mata ta gaya mini yadda idanun Inna suke in tana dariya. Ta gyara zama ta fara, ni kuma ina saurare kamar ana ba ni labarin wata baƙuwa.