Iƙamar Aro da Tafiyar Bahar

Har yau ba na iya shan lemon kwali idan ya sha rana. Jiya wata yarinya a wurin aikina ta huda nata kusa da ni, ƙamshin nan mai ɗumi-ɗumi ya bugi hancina, wallahi sai da na nemi kujera. Irinsa aka raba mana a cikin bas ranar da aka ce za a kai mu bahar, wato teku.

Kada ka yi dariya idan na ce maka a Jidda aka haife ni, amma na shekara takwas ban taɓa ganin tekun ba. Warinsa dai muna ji, lokacin zafi, idan iska ta taso da laimar nan mai manne wa mutum riga a baya. Mu 'yan unguwar Sa'alaba marasa takarda, duniyarmu lungu ce. Kakata ta wajen uba ta zo Hajji da babana a goye, ba ta koma ba. Gyaɗa da yaji take sayarwa a kasuwar Bab Makka, kuma ta san duk wani lungun da motar askar, wato 'yan sanda, ba ta iya shiga. Babban titi kuwa, ko da wasa ba ta taka shi.

Ina shekara shida aka tafi da babana. Da hantsi ne, muna cin ful, dafaffen waken Larabawa, da burodi a bakin ƙofa, askar suka ce ya kawo iƙama, wato katin izinin zama, ba shi da ita. Ina kallo aka sa shi a mota, lomar tana bakina. Daga ranar ban sake cewa uffan ba. Mama tana aikatau a gidan wani Balarabe, can take kwana, don haka kaka ce ta sha fama da ni. An yi rubutu, an yi ruƙiyya, an turara ni har idona ya yi ja. Shiru.

Sai ga wata likitar yara daga Najeriya, wadda ta zo aikin kwantiragi a wani asibiti, ta kama gida a unguwarmu ta buɗe aji da yamma don irinmu. Abla muke ce mata, kamar yadda ake kiran malamai mata a nan. Mu goma sha biyu ne. Akwai mai cizon hannunsa har ya yi jini, akwai wadda aka kora daga makaranta uku, akwai mai ihu duk lokacin da aka buga ƙofa. Ba bulala a ajin, ba tsawa. Doka ɗaya ce: duk wanda ya yi wani abu karo na farko, ko da ɗaure takalmi ne, sai kowa ya tafa masa sau uku.

Abla ba ta yarda da zaman ɗaki ba. Mun shuka na'ana'a a gwangwanayen madara a saman soro. Mun je gidan burodi, mai gidan ya bar mu muka mammari ƙullu. Mun watsa wa tattabaru gero a bayan masallaci. Duk da ƙafa muke zuwa, cikin unguwa. Kuma kullum, kafin a fara komai, sai ta durƙusa a gabana, alewa a tafin hannunta, ta tambaye ni da Larabcinta na 'yan koyo, don ta lura mun fi jin sa: "Esh ismik? Yaya sunanki?" Wata bakwai tana yi. Ni kuma ina son matar nan kamar raina, sunan yana zuwa har maƙogwarona ya tsaya.

Da sanyi ya shigo ta ce za a ɗauki bas a kai mu bahar ranar Alhamis, kowane yaro da babba ɗaya, kuma kowa ya riƙo iƙamarsa. Haka ta faɗa, kamar mai cewa a riƙo ruwan sha. Baiwar Allah, da takardarta ta sauko daga jirgi, ba ta san rayuwarmu ba. Har gida ta biyo kaka.

"Hajiya, yarinyar nan ta kusa. Leɓenta ya fara motsi. Don Allah kada a hana ta zuwa."

Kaka ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Allah ya kai mu." Kunya ta hana ta gaya wa sa'ar 'yar cikinta cewa shekara talatin ke nan tana ɓuya.

A lokacin ba a duba yatsa a kan hanya, aron iƙama kuwa abu ne da kowa ya sani a unguwa, kamar aron turmi. Maƙwabciyarmu tsohuwa ce mai takarda, tana da jika sa'ata. Kaka za ta sa niƙabi, ni kuma hoton yarinya ƙarama wa zai tsaya ƙare masa kallo? Ina zaune a tabarma lokacin da tsohuwar ta miƙo katunan biyu, nata da na jikarta, tana ɗari-ɗari.

"Idan aka tambayi yarinyar fa?"

"Wa? Wannan?" in ji kaka. "Shekara biyu ina roƙonta ta ce kaka. Bar su su tambaya."

Suka yi dariya. Na ji su sarai, amma ban iya karatu ba, ban san sunan wata ne a jikin katin ba. Babu wanda ya ga amfanin ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Shirun da suka kashe shekara biyu suna nema wa magani, shi suka dogara da shi.

Ranar kaka ta yi mini kitso, ta sa mini rigar salla. A bas ta zauna gefen taga, hannunta a kan gwiwata, tana ta jan carbi a ƙarƙashin abaya. Aka raba lemo. Ni dai ido nake ta bazawa, ban taɓa ganin titi mai faɗin wannan ba, ga itatuwan dabino a jere, ga gidaje farare tas. Direba ya ce saura kaɗan, sai kuma ya rage gudu. Shingen bincike ne.

Wani askar matashi ya hau ya karɓi katunan kowa. Mai ihun nan ya fara ihu, Abla ta yi sauri ta bayyana masa ko su wane ne mu. Nan take fuskarsa ta sauya. Ba mugu ba ne, wannan kam zan faɗa ko a gaban wa. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana wasa da mu. Da ya iso kaina sai ya durƙusa, ya zaro alewa daga aljihu, ya buɗe tafin hannunsa.

"Esh ismik, ya hilwa? Yaya sunanki, kyakkyawa?"

Durƙuson ne, alewar ce, tambayar ce. Ban san lokacin da ya fita ba. Na faɗi sunana.

"Ta yi magana!" Abla ta daka tsalle daga kujerarta. "Wayyo Allah, ta yi magana!" Yara suka tafa sau uku, har da iyaye. Shi ma askar ɗin murmushi yake. Sai ya kai ido kan katin da ke hannunsa, ya ce in sake faɗa. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ɗaga murya na maimaita, na haɗa da sunan babana.

Kaka ta ɗauke hannunta daga gwiwata. Ya juya gare ta ya tambayi nata sunan. Ina jin da ta dage da ƙarya wataƙila da ya kau da kai, Allah ne masani. Amma ba ta yi ba. Ta miƙe a hankali ta ce, "Halas, shi ke nan, ɗana. Mu je." Abla tana tsaye, hannayenta a haɗe tun daga tafin, tana kallon kaka tana kallon katin. Ta so ta sauko tare da mu, amma ga yara goma sha ɗaya sun rikice da kuka. Bas ta juya. Babu wanda ya ga bahar ranar.

Kwana shida muka yi a tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ɗaki ne babba cike da mata, fitila ba ta mutuwa, yara na tari. Ina jira kaka ta mare ni, ko ta yi mini faɗa in ji sanyi. Ba ta yi ba. Sai tambayoyi take jero mini: mene ne wannan, wace ce waccan, me kika ci? Idan na yi shiru ta girgiza ni. A rana ta shida kafilin mama, mai gidan da take aiki, ya tsaya mini aka ce in fito. Kaka ba ta da mai tsaya mata. Ta riƙe haɓata da ƙarfi har ya yi zafi.

"Saurara. Tunda maganar ta fito, kada ki kuskura ki mayar da ita. Ban yafe ba idan kika sake yin shiru."

Tsohuwar maƙwabciyarmu ta sha wahala kafin a mayar mata da katunanta, ba ta sake amsa gaisuwar mama ba. Iyaye suka janye 'ya'yansu, ajin ya mutu kafin azumi. Abla ta zo wurin mama tana kuka tana neman gafara, ni kuma na rasa laifin me ta yi. An kai kaka Kano, daga can ta wuce ƙauyen da ta baro tana matashiya, inda kusan duk waɗanda suka san ta sun rasu. Babana, da aka riga aka mayar da shi Najeriya, ya same ta a can. Shekara uku ta yi, ta rasu.

Yanzu an rushe lungunanmu, ko wurin da ƙofarmu take ba zan iya nuna maka ba. Aron kati ya wuce, yatsanka ake dubawa. Ina da iƙama mai sunana, ina aiki a wata cibiya ta yara irin yadda nake a da, kuma kafin mu fita da su ko'ina sai na keɓe da kowace uwa na tambaye ta abin da take jin kunyar faɗa. Mijina yana tsokanata wai na cika surutu, wai ko rediyo yana hutawa. 'Ya'yana ma haka suke cewa. Akwai ranakun da wallahi ba na son buɗe baki ko kaɗan, nauyi nake ji a ƙirji tun daga asuba. Sai in tashi in fara da gaisuwa, in yi ta yi har dare. Kaka ba ta nan balle in roƙe ta ta janye maganarta.