Mordecai Direba da Tafiyar Dutsen Marke

Duk wanda ya zauna Samaru a shekarun nan ya san Mordecai Direba, ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗan karkata hagu, saboda shekara ashirin da bakwai da ya yi gwiwar hannunsa na kan tagar mota. A wata ma'aikatar binciken aikin gona ya yi aiki, yana jan Landiroba, yana kai masana ƙauyukan da ko jaki sai an lallashe shi. Ya kwana da mota cikin laka ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma bai taɓa kifar da mutum ba, bai kuma taɓa ba rafi mota ba. Da ya yi ritaya a 2003 aka miƙa masa agogon bango da takardar yabo, aka karɓe makulli. Masanan da ya riƙa tsamowa daga taɓo suka zama furofesoshi, shi kuwa ya koma ɗaki biyu a Bomo, kusa da Samaru, yana noman masara a bayan gida.

Asalinsa ba ɗan Zariya ba ne. A Dutsen Marke aka haife shi, wani ƙauye can bayan Kauru da ke zaune a kan dutse. Kafin ka kai, sai ka bar kwalta, ka sha kwazazzabai, ka haye Rafin Ɗinya da ba shi da gada, sannan ka fara hawa kan duwatsu masu zamewa. A can yayarsa Dinatu take, wadda ta raine shi bayan rasuwar uwarsu. Ta haura saba'in, yanar ido ta rufe mata idanu biyu, ƙafafu kuma sun ƙi. Wani likitan ido a Zariya ya ce wa Mordecai aikin ba wuya, a kawo ta kawai. Faɗa da baki! Ba ta iya saukowa da ƙafa, ba ta iya zama a bayan acaɓa. Samarin ƙauye sun taɓa ɗaure itace da tabarma za su ɗauko ta a kafaɗa, ta shafa abin ta ce makara ce, ita kuwa ba mai ɗora ta a makara tana numfashi. Ya koma tsohon ofishinsu roƙon mota, wani yaro da aka ɗauka aiki a gabansa ya ce masa motar gwamnati ba ta zuwa gaisuwar dangi.

Ana nan cikin daminar 2006 wasu masu hannu da shuni suka kafa ƙungiyar masu jif. Ciyaman ɗinsu Dakta Bernard ne, malamin jami'a, wanda ya ga Turawa a talabijin suna hawan duwatsu da mota abin ya shiga ransa. Akwai Amaechi mai sayar da kayan mota a Sabon Gari, haifaffen nan, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Akwai Madam Ronke mai kantin magani, ita ke riƙe da biro. Motoci bakwai ne, duk masu jan ƙafa huɗu, duk suna sheƙi, kuma babu wadda ta taɓa ganin abin da ya fi ramukan titin Sabon Gari. Suna son wuri mai wuya da za su je su dawo su ba da labari, amma ba wanda ya san ko ina. Amaechi ne ya tuna da tsohon da ya shekara ashirin yana sayen kaya a shagonsa, ya aika aka kira shi.

Ranar Asabar da la'asar, a rumfar bayan shagon, aka ba Mordecai benci su suna kan kujerun roba. Da ya ji abin da suke nema, murna ta kama shi. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

"Ranka ya daɗe, in wuya kuke so, akwai Dutsen Marke," ya ce wa Dakta. "Garinmu ne. Na san kowane dutse a hanyar. Kuma ba lada nake so ba. Kujera ɗaya za ku ba ni a dawowa, in sauko da yayata asibiti."

"Kujera ɗaya? Baba, an ba ka biyu!" in ji Dakta Bernard. Aka tafa, Madam Ronke ta rubuta.

Tun daga ranar Mordecai ya zama malaminsu, ko da yake ba wanda ya sauya masa benci. Duk Asabar yana hawa bas daga Samaru ya sauka Sabon Gari. Ya sa kowa ya buɗe mota, ya nuna musu ƙaramar giyar nan ta gefe da wasunsu suka ɗauka ado ce. Ya koya musu rage iskar taya kafin yashi. Ya ce kowace mota ta ɗauki shebur, da katako mai kauri na ɗora jak, da safaya biyu, sarƙar ja kuma ta ƙarfe ba igiyar shanya ba. Ya hana a cika mota da mutane. A nan aka sha rigima, don kowa ya riga ya yi wa surukai alkawari. Rigimar da ta fi ita ce ta jeri: shi ya ce motar da ta fi tsawon ƙafa, wato ta Madam Ronke, ta shiga gaba, mai sarƙa ta tsaya baya, su kuwa suka ce ina aka taɓa ganin ciyaman yana bin bayan mai kanti. Asabar biyu aka ɓata a kan wannan. Ya haƙura, ya ce to shi zai zauna gaban motar ciyaman.

Sai maganar rana. Suka tsayar da ɗaya ga Oktoba, ranar hutun 'yancin kai.

Mordecai ya san wannan rana ba ta yi ba. A ƙarshen damina Rafin Ɗinya yake cika ya batse, duk wani ɗan Dutsen Marke ya san haka tun yana goye. Ya buɗe baki ya ce, "Yallaɓai, da dai an ɗan ja ta baya..." Dakta ya ce ai ranar ce kowa yake da sarari. Sai Mordecai ya haɗiye sauran maganar. Gaskiya ita ce tsoro ya ji, kada ya matsa su fasa. Ya riƙa gaya wa kansa wataƙila bana ruwa ya ɗauke da wuri. Wannan shirun ya dame shi, don bai taɓa yin irinsa ba a aikinsa.

Saura kwana goma ya ce zai je ya duba hanya. Ba wanda ya ce ga motata. Ya shiga motar haya zuwa Kauru, ya hau acaɓa har inda acaɓa ya ce ya gaji, ya ƙarasa da ƙafa.

Yana da doka ɗaya da ya gada daga tsohon direban da ya koya masa tuƙi: ba ka ba mota ruwan da ba ka shiga da ƙafarka ba. A bakin rafin ya tuɓe riga da wando, ya naɗe ya ɗora a ka, ya sari sanda ya shiga. A jikinsa yake auna ruwa. In ya tsaya gwiwa, lafiya lau. In ya kai cinya, sai a hankali. In ya taɓa ƙugu, a juya. Ranar bai kai tsakiya ba ruwan ya kai masa ƙirji, jajawur, yana fizgar sandar. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ƙasan: yashin yana gudu a ƙarƙashin tafin ƙafarsa, ko'ina ya taka sai ya nutse. Ya yi sama da rafin, ya yi ƙasa, ya gwada wuri uku. Duk kanwar ja ce.

Da ƙyar ya haye rafin, da ya hau dutsen ya tarar labari ya riga shi. Mutanen ƙauye sun yi gayya sun kwashe duwatsu daga hanya, sun sare rassa, har sun share filin coci don motoci. Dinatu na zaune a ƙofar ɗakinta, ta gane takunsa.

"Mordecai ne? An ce motoci bakwai za ka kawo. Ni ɗaya ta ishe ni."

Ta sa aka ɗauko ƙunshin da ta riga ta ɗaure, zannuwa biyu da littafin waƙoƙin coci da ta shekara huɗu ba ta ga baƙinsa ba. Ta ce shi za ta fara karantawa. Bai gaya mata komai game da rafin ba. Ya ci tuwon acca ba tare da ya ji ɗanɗanonsa ba, washegari ya juyo.

A hanya ya yi ta kokawa da zuciyarsa. In ya yi shiru za su taho, kuma in sun zo bakin ruwa girman kai ba zai bar Dakta ya juya a gaban mata da mai ɗaukar bidiyo ba. Wataƙila biyu su haye cikin bakwai. Ai ɗaya ma ta ishe shi. Amma wace ce ba za ta haye ba, kuma su wa ke ciki? Madam Ronke ta ce da 'ya'yanta mata biyu za ta zo.

Ranar Asabar ya tarar da rumfar ta cika da shewa. An kawo riguna da huluna daga wurin mai bugawa, shuɗɗa, a ƙirji an zana jif a kan tsauni, a ƙasa an rubuta Dutsen Marke da kwanan wata da manyan baƙaƙe. Kowa na gwada tasa. Da aka natsu aka ce Baba ya ba da rahoto, ya miƙe ya ɗora hannu a ƙirjinsa.

"Nan ruwan ya kawo mini. Ƙasan kuma ba ya riƙe ƙafar mutum, balle taya. Ranka ya daɗe, duk motar da ta shiga rafin nan ranar ɗaya ga wata, sai dai a tsamo ta da rani. Ku ba shi mako shida. Tsakiyar Nuwamba ni da kaina zan haye da ku, ko salansa ba za ta jiƙe ba."

Nan take kowa ya fara magana lokaci ɗaya. An riga an gayyaci baƙi, an kama mai girki da mai bidiyo, uwa uba an buga rana a riga. Wa zai sa rigar Oktoba a Nuwamba, a yi masa dariya? Wani ya ce me ya hana tsohon ya faɗa tun farko, kuma wannan ce ta fi yi wa Mordecai ciwo, don da gaskiyar mai maganar. Amaechi ne ya kawo mafita.

"Haba, abeg, me ya yi zafi? Ga Kufena nan a bayan gari. Mu zagaya ta gonaki, mu taka laka, mu ɗauki hoto a gindin dutse. Dutse ai dutse ne, wa zai gane a hoto?"

Aka kwashe da dariya, aka tafa, Madam Ronke ta rubuta. Mordecai yana tsaye har yanzu.

"Yallaɓai, yayata fa?"

"Kada ka damu, Baba," in ji Dakta, yana gyara hula a madubin mota. "Disamba muna nan. Ka ɗauka an yi an gama."

Ranar tafiya ba a neme shi ba, don hanyar Kufena ba ta bukatar malami. Da yamma yana bakin titin Samaru suka wuce a jere, ciyaman a gaba, suna ta oda, da sunan garinsu a ƙirjin kowa. Sheburan da ya sa aka saya suna ɗaure a saman motoci fes. Dakta ya kwana uku bai bari an wanke lakar jikin motarsa ba. Mordecai ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko ranar da aka karɓe masa makulli.

Nuwamba ta wuce. Ya je ofishin Dakta sau uku, sau biyu aka ce yana mitin, na ukun aka ce ya tafi taro ƙasar waje. Amaechi ya rufe shago ya tafi gida Kirsimeti da jif ɗinsa cike da buhunan albasa. Madam Ronke ta tarbe shi da fara'a, ta ba shi kwalbar maganin ɗigawa a ido kyauta, ta ce a gaida Mama. Ƙungiyar kanta ba ta sake zama ba, tunda an samu hoto.

Ana jibi Kirsimeti ya kama hanya shi kaɗai. A Rafin Ɗinya ko wando bai naɗe sosai ba, ruwan iyakarsa idon sawu, ƙasan ya yi tauri, wata mata ma ta haye da keke a gabansa. Hanyar da aka yi wa gayya ciyawa ta fara cinye ta. Mutanen da ya gamu da su suka gaishe shi da ladabi, ba wanda ya tambaye shi komai, shi kuwa da zaginsa suka yi da ya fi masa sauƙi.

Dinatu tana inda ya bar ta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kwashe labari duka ya gaya mata, har abin da ya auna a rafi da abin da ya faɗa a rumfa. Ta saurara ba ta katse shi ba.

"Yanzu ruwan ya janye?" ta tambaya.

"Ya janye, Yaya."

"Su kuma sun janye."

Ta laluba ta kama hannunsa, ta riƙe, ta juyo da fararen idanunta wajen da take jin numfashinsa.

"Da ka yi musu shiru, Mordecai, da yanzu ina ganin fuskarka?"

"Wataƙila, Yaya."

"To in an sake, za ka yi shirun?"

Ya daɗe yana kallon hannun nata a kan nasa. Ya so ya yi mata ƙarya ko sau ɗaya, bakin ya ƙi.

"A'a, Yaya."

Ta gyaɗa kai, ta saki hannun. Ta ce ya shiga ɗaki ya kwance mata ƙunshin nan, ya ba matar fasto littafin, tunda ita tana gani.