Baƙin Mai da Gashin Kare

Salamu alaikum. Masu tambayar ina Sale mai mashin na Karofi ya shiga wata biyu, ga ni, da hannuna na dama nake rubuta wannan. Saura ƙiris a yanke shi.

Ina da kare mai gadin awakinmu, Ƙyale-su. Ƙazwa ta kama shi, gashi na zubewa, kaska ta cika masa kunne. In ya wuce, wari sai ka ajiye tuwo.

Maimakon in kai shi wurin malamin dabbobi, sai na yi abin da na ga kowa na yi a garejinmu: na juye baƙin man mashin a gwangwani, na danne shi ina mulka masa. Man na shiga gyambon bayansa, ya juyo ya cafke ni a tafin hannu.

Kafin in gama salati, maƙwabta sun yi masa rubdugu da sanduna, wai ya haukace. Kawu Iro, ƙanen babarmu, ya tsigi gashin gawar, ya ɗan babbake shi, ya cusa mini cikin ramin haƙoran.

"Kai dai riƙe," in ji shi. "Haka muka gada."

Gashin kare mai ƙazwa, jiƙe da baƙin mai, cikin namana. Tir! Ni kuma, gardi da gemu, na miƙa hannu har da godiya.

Kwana huɗu hannu ya zama kamar ƙullin fura. Mugunya na tsiyaya, ƙudaje na bina har masallaci, sahu na darewa. Matata Hinde ta ce, "Malam, ko ka tafi asibiti yau ko in kwashe yara in bar maka ɗakin."

A asibiti a Dutsin-Ma, nas ta kwance tsumman da na ɗaure hannun da shi ta kau da kai. Da ɗan ƙarfe ta riƙa zaro gashin ɗaya-ɗaya. Na yi amai a kan takalmina.

Likita ya ce, "An taɓa yi wa karen rigakafi?" Na ce a'a. "Ina yake?" Na ce an kashe.

"Da kun ɗaure shi kwana goma, da mun san ko yana da hauka. Yanzu dole allura duka. Hannun kuma, in ruɓar ta wuce wuyan hannu, sai dai haƙuri."

Da wannan hannun nake murɗa totur in ci da mutum shida. Kullum da safe a wanke, a matse, ni ko idona na kan layin biron da likita ya zana mini a wuyan hannu. Buhun wake biyu suka tafi a kuɗin magani.

Ruɓar ba ta haye layin ba. Alhamdulillahi. Allah Ya saka wa nas ɗin nan, da Hinde da ta sha warina.

Jama'a, in kuna da kare, ku yi masa allurar hauka duk shekara, ku ba shi maganin tsutsa, ƙazwa da kaska ku kai wa malamin dabbobi. In ya yi cizo, ruwa da sabulu, a wanke sosai, a tafi asibiti ranar.

Ɗan yatsana ɗaya ba ya lanƙwasa har yau. Kawu ya gani ya ce, "Ka ga, gashin ya yi aiki."

Ƙyale-su kam ba na jin hauka yake. Shekara biyar yana tsare mini awaki, ni na zuba masa wuta a gyambo.