Bagaruwa Uku a Cikin Ɗauri

Malam Habu, daren jiya na yi wani mafarki, kuma ina son fassararsa kafin Juma'a. Bari in fara da lissafi. Ɗauri arba'in da biyar ne na jemammiyar fatar akuya, talatin nawa, sha biyar na Alhaji Tanko, wanda ka san rumfarsa na jikin tawa.

Na gan mu a cikin wani jirgin ruwa na katako irin na mutanen da, babu inji, wasu manyan yadudduka aka ɗaura a sanduna iska na tura shi. Ni da ko kwalekwale ban taɓa shiga ba, ga ni zaune a kan kayana kamar a can aka haife ni. Tanko na gefe da rawani da alkyabba, yana ɓare goro.

Sai kawai hadari ya haɗo, ruwa ya fara shigowa. Sarkin jirgin, wani dogon baƙin mutum mai ido ɗaya, ya ɗaga hannu, ma'aikatansa suka hau jefa kayan da ke sama cikin teku. Ina ƙirgawa har sha biyar. Jirgin ya yi sauƙi, ya miƙe.

Sai kawai ga mu a kotu a bakin teku. Babu bango, babu rufi. Alƙalin na zaune a kan tarin igiya, ga sikeli a gabansa, ruwa na zuwa yana taɓa ƙafarsa yana komawa. An jera ɗauri talatin da suka tsira, ruwan gishiri ya wanke shaidar da muka rubuta a jikinsu tas.

Tanko ya ce, "Allah gafarta malam, rabin waɗannan nawa ne."

Na ce, "Alhaji, ko goron da kake ci ma a aljihuna ka ɗauka. A kwance kayan a gani."

Tun ina ɗaukar fata a ka daga majema, ban taɓa ɗaure kaya ban jefa bagaruwa uku a tsakiya ba. Tawada na gogewa, bagaruwa ba ta gogewa. Aka yi ta kwancewa ɗaya bayan ɗaya, kowane ɗauri da bagaruwa uku, har na talatin. Tanko ya sunkuyar da kai. Na miƙe ina kaɗe riga, na ci shari'a.

Alƙalin ya ce, "Zauna, falke. Me ya sa nasa ne a sama?"

Na ce ni na riga shi zuwa wurin lodi. Wanda ya yi sammako shi ke samun ƙasa, haka sana'ar take.

Ya ce, "Da ba a jefa nasa ba, naka zai iso?"

Ya ɗora bagaruwa uku a sikeli, ya cire ɗaya ya ajiye gefe. Ya ce a dokar teku, abin da aka jefa don jirgi ya tsira asarar kowa ce, kowa ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. Wato in ba Tanko ɗauri goma.

Na ce ban yarda ba, ba ni na kawo hadari ba, ba ni na jefa ba, kuma zan ɗaukaka ƙara. Na tambaya ina alƙalin da ke gaba da shi. Sarkin jirgin ya nuna mini teku da leɓe. Na tattare riga na shiga ruwan, ya kawo mini gwiwa, ya kawo ƙirji, ina tafiya ban waiwaya ba. Sai na farka, ana kiran assalatu, hannuna a dunƙule.

To ga abin da ba ka sani ba. Makon jiya motar da ta ɗauki kayanmu zuwa Legas ta gamu da ruwan sama a hanya, tamfol ya yage. Kayan Tanko ne a sama, sha biyar ɗin duk suka jiƙe suka yi fumfuna. Nawa na ƙasa ko ɗigo bai taɓa su ba. Ya zo ya ce mu raba asara, na ce masa ya kai ni inda zai kai ni. Juma'a bayan masallaci dattawan kasuwa za su zaunar da mu.

Ni ba na ba da kaya don tsoro ko kunya, da gumina na tara. In haƙƙina ne, ko fata ɗaya ba zan saki ba. In kuma da haƙƙin Tanko a ciki, da kaina zan ɗora masa goman a mota kafin dattawa su zauna.

Ka duba mini, Malam. Bagaruwar da ta wanke ni zan bi, ko ɗayar da alƙali ya cire? Talatin ne nawa, ko ashirin?